2.3 Matsayin Mawaƙa Baƙaƙen Fata a Finafinan Rock and Roll, 1955–1957

Wannan sashe zai dubi irin matsayin da kamfanonin finafinai na Amurka suka ba mawaƙan rock and roll a farkon bayyanar kiɗan. A shekarar 1955 aka buɗe fim ɗin Blackboard Jungle da waƙar Bill Haley mai suna "Rock Around the Clock", wadda ta samu karɓuwa ƙwarai a wajen matasa. Ganin haka sai Sam Katzman ya shirya fim mai sunan waƙar a 1956, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu.

Babban tushen wannan kiɗa shi ne waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka, don haka masu shirya finafinai suka neme su. A 1956 Little Richard da Fats Domino sun fito a The Girl Can't Help It, Chuck Berry kuma a Rock, Rock, Rock. Sai dai aikinsu bai wuce su hau dandamali su rera waƙa su sauka ba. Jaruman labarin duk fararen fata ne. Elvis Presley kuwa tun a fim ɗinsa na farko, Love Me Tender (1956), aka ba shi babbar rawa, sannan ya zama jarumin Jailhouse Rock (1957).

A wancan lokaci dokokin wariyar launin fata na aiki a jihohin kudancin ƙasar, har a gidajen sinima. Bisa ga wannan, za a iya cewa finafinan sun isar da muryoyin baƙaƙen fata ga jama'a masu yawa, amma sun hana su matsayin jarumi.