Wa Ke Magana a Madadin Shaidar Kimiyya? Nazari kan Hujjojin Ɗakin Gwaji a Shari'ar Manyan Laifuka

A ranar 11 ga Maris 2004 bama-bamai suka tashi a cikin jiragen ƙasa na birnin Madrid, mutum fiye da 190 suka rasu. 'Yan sandan Sifaniya sun tsinci wata leda mai ɗauke da kayan tayar da bam, da zanen yatsa a jikinta wanda bai fito sosai ba. Da hoton zanen ya isa Amurka, hukumar FBI ta ce na Brandon Mayfield ne, wani lauya Musulmi da ke jihar Oregon. Ƙwararrun hukumar uku suka tabbatar, na huɗu da kotu ta ɗauko daga waje shi ma ya tabbatar. An tsare Mayfield mako biyu kafin Sifaniyawa su gano cewa yatsan na wani ɗan Aljeriya ne, Ouhnane Daoud. A 2006 gwamnatin Amurka ta nemi afuwa, ta biya diyyar dala miliyan 2.

Abin da ya sa wannan shari'a ta cancanci nazari shi ne babu cin hanci a cikinta, babu kuma wanda ya shirya ƙarya. Kwamfuta ta zaƙulo zane 20 masu kama da na jikin ledar, na Mayfield yana cikinsu. Mai binciken farko ya ga kama a wasu wurare, zuciyarsa ta kwanta, daga nan ya koma yana neman siffofin yatsan Mayfield a cikin tabon da ya dusashe, yana kuma samunsu. Waɗanda suka duba bayansa sun riga sun san hukuncin da ya yanke. Binciken da babban sufeton Ma'aikatar Shari'a ya yi ya nuna cewa addinin Mayfield ba shi ya jawo kuskuren farko ba, amma ya taimaka wajen hana hukumar sake tunani bayan Sifaniyawa sun nuna shakka. Masanin halayyar ɗan Adam Itiel Dror da abokan aikinsa sun jarraba wannan rauni a 2006. Sun mayar wa ƙwararru biyar zanen yatsun da su da kansu suka taɓa cewa sun dace, sai dai an gaya musu cewa zanen shari'ar Mayfield ne. Huɗu suka sauya magana. Tabon yana nan yadda yake, labarin da aka rakiyo shi da shi ne kawai ya sauya.

Daga nan ya kamata a fara rarrabewa, domin abin da ake kira shaidar kimiyya tarkace ne na hanyoyi daban-daban da aka zuba a buhu ɗaya. Wasu a jami'o'i aka haife su, aka gwada su, aka san iyakarsu. Wasu kuwa a ofisoshin 'yan sanda suka taso, kotuna suka karɓe su saboda an saba, ba tare da wani ya taɓa auna sau nawa suke kuskure ba. Rahoton Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka na 2009 ya faɗi wannan ƙarara: in ban da gwajin DNA, babu hanyar da aka tabbatar da cikakken bincike cewa tana iya danganta wata alama ga mutum guda takamaimai a kowane lokaci. Kwamitin masu ba shugaban ƙasa shawara kan kimiyya ya ƙara a 2016 cewa zanen yatsa yana da tushe, amma kuskurensa na iya kaiwa 1 cikin 306 a wani gwaji, 1 cikin 18 a wani. Shaidar gurbin cizo kuwa, kwamitin bai same ta da madafa ba. Da irinta aka yanke wa Ray Krone hukuncin kisa a Arizona a 1992, sai bayan shekara goma DNA ta wanke shi.

Mafi tayar mini da hankali shi ne batun gashi. Jami'an FBI sun shafe shekaru da dama suna duba silin gashi a madubin ƙara girma, su shaida wa kotu cewa ya dace da na wanda ake tuhuma. A 2015 hukumar ta amsa cewa cikin shari'o'i 268 da aka sake dubawa, an wuce gona da iri a 257. Mutum 32 daga cikin waɗanda abin ya shafa hukuncin kisa aka yanke musu. Wani mai suna Santae Tribble ya shafe fiye da shekara 20 a kurkuku kan irin wannan shaida, daga baya gwaji ya nuna babu gashinsa a cikin silin da aka samu, ɗaya ma na kare ne.

DNA ta fi sauran ƙarfi, kuma tarihinta ya fara da abin da ya kamata mu riƙa tunawa. Alec Jeffreys ya gano hanyar a Jami'ar Leicester a 1984. Da 'yan sandan Ingila suka nemi taimakonsa a 1986 kan kisan wasu 'yan mata biyu, aikin farko da gwajin ya yi shi ne wanke wani matashi da ya riga ya amsa laifi da bakinsa. Sai daga baya aka kama ainihin mai laifin, Colin Pitchfork. Duk da haka gwajin yana amsa tambaya ɗaya ce tak, wato daga jikin wa wannan ɗigon ya fito. Yadda ya zo wurin, da lokacin da ya zo, ba huruminsa ba ne. 'Yan sandan Jamus sun yi shekaru suna farautar wata mata da aka ga DNA ɗinta a wuraren laifi kusan 40, har da kisan wata 'yar sanda a Heilbronn a 2007. A 2009 aka gano ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin tsinken audugar da ake ɗibar samfur da shi. A California kuma, a 2012, an samu DNA ɗin Lukis Anderson a farcen wani attajiri da aka kashe, alhali a daren yana kwance a asibiti. Ma'aikatan motar asibitin da suka ɗauke shi su ne suka je gidan mamacin bayan 'yan sa'o'i. Yawan ingancin na'ura ma wani haɗari ne, tunda yanzu tana iya tsinto abin da hannu ya shafa ya kai wani wuri.

Sai lissafi, wanda ya fi komai ruɗa kotu. A shari'ar Sally Clark a Ingila a 1999, wadda aka tuhuma da kashe jariranta biyu, likitan yara Roy Meadow ya ce yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar fuju'a a irin gidanta 1 ce cikin miliyan 73. Ya ninka adadi ɗaya da kansa kamar mutuwar biyu ba su da alaƙa, alhali 'yan ɗaki ɗaya ne masu gado ɗaya. Kuma ƙarancin aukuwar abu bai zama ma'aunin laifin uwa ba, domin uwa ta kashe 'ya'yanta biyu shi ma abu ne da ba safai ake gani ba. An ɗaure ta, aka sake ta a 2003, ta rasu a 2007.

Mai karatu da ya tashi a zauren malamai ba baƙo ba ne ga wannan muhawara. Fiƙihu ya daɗe da sanin ƙarina, wato alamar da ke nuni ga gaskiya ba tare da shaidar ido ba, kuma Ibn Farhun na mazhabar Malikiyya da Ibnul Ƙayyim duk sun yi dogon bayani a kanta. Ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta ƙunshi riguna biyu da suka zama kayan shaida. Ta farko an shafa mata jinin ƙarya, mahaifinsa bai gamsu ba, masu tafsiri suka ce ganinta ba a yage ba ne ya tona asirin. Ta biyu an yage ta ta baya, kuma wani mai shaida ya gindaya ƙa'idar hukunci ga kowane ɓangare kafin a duba rigar. Wannan tsari, a fayyace ma'auni kafin a ga sakamako, shi ne ainihin abin da ya ɓace a shari'ar Mayfield.

A Najeriya matsalar ta wani gefen take. Shari'o'in kisa da fashi da yawa a kan sitatimen ɗin wanda ake tuhuma suke tsayawa, shi kuma ya zo gaban alƙali ya ce da duka aka karɓa, sai a tsayar da shari'a a buɗe wata a cikinta don tantance hakan. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki amsa laifi a rubuce, a kuma iya naɗar ta a bidiyo, dokar 2017 ta haramta azabtarwa, a shekarar kuma jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA. Ina goyon bayan a yawaita irin waɗannan cibiyoyi har a Arewa, domin ɗigon jini ya fi kulki adalci nesa ba kusa ba. Tsorona shi ne kada kwarjinin farar rigar ɗakin gwaji ya gaji gurbin kulkin. Dokar shaida ta 2011 ta yarda a saurari ra'ayin ƙwararre, ba ta ɗaure alƙali da bin sa ba, amma talakan da ko lauya da ƙyar ya samu ba shi da kuɗin ɗauko wani masani ya ƙalubalanci rahoton gwamnati.

Kuma aikin yakan lalace tun kafin a kai ɗakin gwaji. Idan aka yi kisa a unguwa, kafin 'yan sanda su iso jama'a sun cika gidan, wani ya ɗaga wuƙar ya duba, maƙwabta sun wanke jinin don tausayin iyali, dangi suna gaggawar suturta mamaci kamar yadda addini ya koyar. Abin da ya saura sai a zuba a leda, a ajiye a ɗakin kayan shaida cikin zafi da ƙura wata da watanni. Saboda haka tambayoyin da suka wajaba a kan alƙali da lauyan kariya ba sa bukatar digirin kimiyya. Wa ya ɗauki samfurin, hannu nawa ya ratsa, ina rajistar da kowa ya sa hannu? An gaya wa mai gwajin cewa wanda ake tuhuma ya amsa laifi kafin ya fara aiki? An taɓa jarraba shi da samfurin da aka riga aka san amsarsa, sau nawa ya kuskure? An rage wani abu daga samfurin da ɓangaren kariya zai iya kaiwa wani ɗakin gwaji a sake dubawa?