Sha'iri Ɗaya, Bandiri Na Binsa

Wanda ya taɓa zama wajen Maulidi a Gaya ko Ajingi ya san tsarin: sha'iri ɗaya ke jan baiti, 'yan amshi na karɓa. A Kano, Ƙadiriyya ce ta ɗaukaka bandiri, musamman zamanin Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996. Da aka kafa Izala a Jos a 1978, gardama ta ƙara zafi: kiɗa na da gurbi a ibada kuwa?

Kiristocin Turai ma sun sha wannan gardamar. Mabiya Calvin sun fitar da kayan kiɗa daga cocinsu a Jeniba. Amma a Jamus, a 1727, Bach ya tsara waƙar coci wadda mutum ɗaya ke rerawa, masu goge na rakiyarsa.

To ku fa, me kuka gani?