Yadda Manoman Maraɗi Suka Dawo Da Bishiyoyinsu Ba Tare Da Dashe Ba

Jama'a, duk lokacin da aka yi maganar sauyin yanayi da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai mu ɗauka zancen Turawa ne. Ni kuwa a ganina babban misalin wannan aiki yana nan kusa da mu. Daga Zurmi ka bi ta Jibiya ka tsallaka iyaka, ka isa Maraɗi.

Tarihin ya faro ne da doka. A 1935 Faransa ta kafa dokar gandun daji a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, wadda ta mayar da itatuwa mallakin gwamnati. Bayan 'yancin kai ma Nijar ta ci gaba da irin wannan tsari. Ka ga manomi da gawo a tsakiyar gonarsa, amma in ya sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. To wa zai yi renon abin da zai ja masa fitina? Sai mutane suka riƙa tumɓuke duk tsiron da ya fito tun yana ƙarami. Ga fari na shekarun 1970 ya zo ya ƙarasa. Iska ta riƙa binne shuka da yashi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya.

An kashe kuɗi sosai wajen dashen itace, mafi yawansu suka mutu. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa 'yan ƙananan sabara da kalgon da ake sassabewa kowace shekara kututture ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. In ka zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi ka bar su, ka datse sauran, cikin 'yan shekaru sun zama itace. Wannan shi ake kira sassabin zamani. Gaskiya ba sabon ilimi ba ne, kakanninmu sun san shi. Abin da ya ɓace shi ne dalilin yin sa.

A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari. Da abinci ya ƙare, mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka samu itacen girki, da harawar dabbobi, da gero mai kyau a ƙarƙashin gawo, tunda shi gawo da damina yake zubar da ganye ya ba shuka rana da taki. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya.

Nan ne wurin da na fi so a lura. Mutum ɗaya ba ya iya tsare itace, dare ɗaya ɓarawon itace zai gama da shi. A ƙauyuka irin Ɗan Saga ta yankin Agye, sai da gari ya zauna ya kafa kwamiti, da manoma da mata da makiyaya, aka sa doka da tara. Hukuma ma ta sassauta, har aka yi sabuwar dokar daji a 2004. Da masu bincike Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kowace bishiya a cikinsu tana zuƙe hayaƙin nan da ake taron duniya a kansa. A 2018 aka ba Rinaudo lambar Right Livelihood.

Abin dariya, a 1984 ɗin nan ne masu wasan hawa igiyar teku a Malibu ta Amurka suka kafa ƙungiyar Surfrider don kare gaɓar da suke wasa a kai, yau kuma har batun hayaƙi suke yi. Su duniya ta san su. Manomin Ɗan Saga kuwa bai taɓa kiran aikinsa da wani suna na Turanci ba.

Mu dawo gida. Dajin Zamfara da ke ƙasar Zurmi, har da su Dumburum, Turawan Ingila ne suka killace shi ya zama na hukuma. Yau kowa ya san waɗanda ke zaune a ciki. Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin Great Green Wall, mai hukuma ta kanta tun 2015, amma a tambayi mutumin Shinkafi ko Ƙauran Namoda nawa ya gani sun rayu daga cikin itatuwan da ake dasawa ranar biki. Gas ya yi tsada, gawayi ya zama sana'a, motocin itace ba sa tsayawa.

Na san wani zai ce mutanen da ba sa iya zuwa gona me ya haɗa su da renon kalgo. Gaskiya ne, wallahi tsaro shi ne gaba. Amma gonakin bakin gari ana noma su, kuma kututturen suna nan. Kafin sassaben bana, ina so in ji ko akwai mai unguwa ko dagaci a Zurmi, Shinkafi ko Ƙaura da zai tara mutanensa su amince cewa itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne, wanda ya sare masa kuma ya biya.