Bala'i Bai San Iyaka Ba: Tarihin Taimakon Juna Tsakanin Nijar da Nijeriya

Hausawa kan ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Babu inda wannan magana ta fi dacewa kamar bakin iyakar Nijar da Nijeriya, mai tsawon kimanin kilomita 1,500. Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata ta a kan takarda, sa'annan tawagar Tilho da O'Shee ta bi ta tana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Ta raba Maraɗi da Katsina, ta raba Ƙwanni da Sakkwato, ta raba Damagaram da Daura. Sai dai fari da fara da gobarar daji da ambaliya ba su taɓa neman izinin ƙetare ta ba. Tarihin shekaru ɗari da suka shige ya nuna abu ɗaya: duk lokacin da hanya take buɗe bala'i kan zo da sauƙi, in kuwa aka rufe ta sai ya ninka.

Tun kafin gwamnatoci su san amfanin haɗa kai, talakawa sun sani. A yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, mutanen Damargu da Damagaram sun gangara kudu zuwa ƙasar Kano neman hatsi, ko da yake sun tarar can ma rumbuna sun bushe. A yunwar farkon shekarun 1950, garin rogon da aka riƙa kawowa daga kudu ne ya riƙe mutane da yawa a yammacin Nijar, har Zabarmawa suka raɗa wa shekarar sunan gari. Cin rani, da sauka gidan dangi, da bashin hatsi tsakanin fatake, su ne agajin gaggawa na wancan zamani.

Hukumomin haɗin gwiwa sun zo ne daga baya, kuma kusan kowace wahala ce ta haife ta ko ta raine ta. A 1971, zamanin Diori Hamani da Yakubu Gowon, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya mai mazauni a Yamai. Da babban fari ya tsananta, ƙasashe shida, wato Nijar da Mali da Cadi da Senegal da Muritaniya da Haute-Volta, suka kafa kwamitin yaƙi da fari na CILSS a Wagadugu ran 12 ga Satumba 1973. Shekara guda bayan haka aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai domin sa ido kan ruwan sama da amfanin gona da makiyaya. Ita ma siyasa ba ta tsira ba, domin yadda aka tafiyar da agajin yunwa yana cikin dalilan da sojoji suka bayar sa'ad da Seyni Kountché ya kifar da gwamnati ran 15 ga Afrilu 1974.

Darasi mafi ɗaci ya zo a 1984. A watan Afrilu na shekarar, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya lokacin canjin kuɗi, daminar da ta biyo baya kuma ta ƙi. Hatsin da aka saba sayowa daga Kano da Jibiya ya yi wuyar shigowa, masu bisashe suka rasa kasuwa, ƴan cin rani suka rasa mafita. Ba a sake buɗe iyakar ba sai a 1986. Mutanen Nijar suka sa wa wannan yunwa suna El Buhari. Sunan kansa hukunci ne na talakawa: sun san fari daga Allah yake, amma rufe hanya aikin mutum ne. Bayan ƙura ta lafa, ƙasashen biyu sun rattaba hannu a 1990 kan yarjejeniyar Abuja ta yaƙi da gurgusowar hamada, da ta Maiduguri kan rabon ruwan da suke tarayya a kansa, irin su Gulbin Maraɗi da Magiya da Komadugu Yobe.

Gobarar daji kuwa bala'i ce mai zuwa bayan alheri. Shekarar da damina ta yi kyau, ciyawa ta cika dajin Abalak da Cintabaraden da Bermo da Tanut, a shekarar ce wuta ta fi ɓarna. Da zarar ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta taso, garwashin shayin matafiyi ko wutar mai ɗibar zuma ya isa ya cinye abincin garke dubu cikin yini ɗaya. Maganin da aka fi dogara da shi shi ne share dogayen layuka masu faɗi cikin daji tun da kaka, domin wuta ta iso ta rasa abin ci, sai kuma gayyar mutanen rugage da ƙauyuka masu bugun wuta da ɗanyun rassa. Wutar ba ta bukatar isa bakin iyaka kafin ta taɓa maƙwabta: makiyayin da dajinsa ya ƙone yakan gangara kudu tun manoman Katsina da Zamfara ba su gama kwashe amfanin gona ba, daga nan rigima ke tashi. Ashe layin da aka share a arewacin Dakwaro kariya ce ga gonar da take nesa da shi da ɗaruruwan kilomita.

Farar 2004 da matsalar cimaka ta 2005 sun sake tuna wa mahukunta wannan gaskiya. Jahar Maraɗi, rumbun ƙasa, ita ce ta fi yawan yara masu tamowa, saboda tsadar hatsi a kasuwannin arewacin Nijeriya ta ja farashin tiya sama har ta gagari talaka. Daga nan aka fito da shirin Kano-Katsina-Maraɗi, wanda aka yi taronsa a Katsina a 2007, domin a riƙa kallon kasuwannin yankin a matsayin kasuwa ɗaya.

Duk da haka an sake rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Daminar 2024 ba ta kula da wannan saɓani ba: ta rushe gidaje a Maraɗi, ta kayar da tsohon masallacin Damagaram, ta fasa madatsar ruwan Alau ta mamaye Maiduguri. Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025, amma a watan Afrilu na shekarar ministocin harkokin waje na ƙasashen biyu sun gana a Yamai, suka amince a farfaɗo da hukumar nan ta 1971.

Akwai aikin da ya rage wa malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu. Tsofaffin da suka ga 1973 da 1984 da idonsu suna ƙarewa. Ya kamata a zauna da su a Madarunfa da Jibiya, a Magarya da Ɓaɓura, a rubuta sunayen da suka ba kowace yunwa, da hanyar da suka bi, da gidan da ya sauke su, domin yaran gefen biyu su karanta shi a matsayin tarihi guda.