Basra da Tarihin Muhawara a kan Ƙaddara

Basra ta fara ne a matsayin sansanin mayaƙa. A zamanin halifancin Umar ɗan Haɗɗabi, wajen shekara ta 637 Miladiyya, sahabi Utba ɗan Gazwan ya sauke rundunarsa a kudancin Iraƙi, aka kafa bukkokin kara da masallaci. Kafin shekara hamsin sansanin ya zama birni mai cunkoso: ƙabilun Tamim da Azd da Bakar, Farisawan da suka musulunta, Kiristoci, da fataken da ke shigowa ta tashar Ubulla da kayan Indiya. A gefen wannan birni aka gwabza Yaƙin Raƙumi a 656, inda Musulmi suka zare wa juna takobi, manyan sahabbai kuma suna kowane ɓangare. Mutanen da suka binne 'yan'uwansu bayan wannan yaƙi ba sa bukatar littafin falsafa kafin su tambayi kansu: shin Allah ne ya hukunta wannan, ko mutane ne suka jawo shi? In Allah ya san zai faru tun kafin a yi duniya, laifin yana kan wa?

Mutumin da tarihi ya riƙe a matsayin wanda ya fara ɗaga maganar a fili shi ne Ma'abad al-Juhani. Da labarinsa Imam Muslim ya buɗe Littafin Imani a cikin Sahihinsa: wasu mutanen Basra biyu, Yahaya ɗan Ya'amar da Humaidu ɗan Abdurrahman, sun sami Abdullahi ɗan Umar suka ba shi labarin wasu mutane a garinsu masu karatun Alƙur'ani da zurfafa bincike, waɗanda ke cewa babu ƙaddara, al'amura sababbi ne, ba wani rubutu ko sani da ya riga su. Ibn Umar ya barranta daga gare su, ya kuma kawo hadisin Jibrilu, inda imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, ya zo cikin shika-shikan imani. Masu wannan ra'ayi su ake kira Ƙadariyya, kuma ba su da wata alaƙa da ɗariƙar Ƙadiriyya ta Shehu Abdulƙadir Jilani da aka sani a Kano da Sakkwato.

Abin da ya kai Ma'abad da mabiyansa ga wannan magana mai nauyi ba raina Allah ba ne. Sun ji tsoron kada a jingina masa zalunci. A ganinsu, idan Allah ya san tun azal cewa wane zai saɓa kuma zai shiga wuta, to an rufe hanya kafin bawa ya sa ƙafa, hisabi kuma ya zama hukunta mutum a kan abin da ba shi da yadda zai yi. Sai suka tsaga matsalar ta wajen ilmi. Amma wannan tsagi bai daɗe ba, domin Alƙur'ani cike yake da bayanin cewa Allah ya san abin da ya wuce da abin da zai zo, kuma akwai Lauhul Mahfuz. Ana jingina wa Imam Shafi'i shawarar cewa a kama 'yan Ƙadariyya ta wajen ilmi, don in sun yarda Allah ya sani an ci su da hujja, in sun musa sun fita daga addini. Sannu a hankali masu musun rigayen ilmin Allah suka yi ƙaranci.

Amsar da kusan kowane ɓangare ya karɓa ita ce sani ba ya tilastawa. Ilmi yana bin abin da aka sani ne yadda yake. Ba shi ke tura shi ya faru ba. Malamin allo da ya daɗe da almajiransa zai iya faɗin wanda zai sauke da wanda zai gudu, ba kuwa saninsa ne ya kori mai gudun ba. Sai dai wannan misali yana ɗingishi, malaman kalam kuma sun ga haka da wuri: malam bai halicci almajirin ba, bai halicci zuciyarsa da gidan da ya fito ba, Allah kuwa shi ya halicci bawa da duk abin da ke kewaye da shi. Daga nan muhawarar ta bar batun sani ta koma kan tambayoyi biyu da suka fi wuya. Wa ke samar da aikin bawa? Kuma shin Allah yana nufin abin da ba ya so?

Siyasa ta hura wutar. Sarakunan Banu Umayya da mawaƙansu sun yawaita nuna cewa mulkinsu hukuncin Allah ne, mai ja da shi yana ja da ƙaddara. A ƙarƙashin gwamna irin Hajjaju ɗan Yusuf, faɗin cewa azzalumi shi ke da alhakin zaluncinsa ya zama magana mai iya cin rai. Ma'abad ya shiga tawayen Ibn al-Ash'as, aka kuma kashe shi. Gailan na Dimashƙa, wanda ya ɗauki ra'ayin a Sham, Halifa Hisham ɗan Abdulmalik (724–743) ya sa aka kashe shi. Hasanul Basri (642–728), babban malamin Basra, ya bi wata hanya: ya tsananta wa'azi a kan cewa kada mai saɓo ya ɗora wa Allah saɓonsa, amma ya hana ɗaukar makami a kan masu mulki. Akwai wata wasiƙa a kan ƙaddara da ake cewa ya aika wa Halifa Abdulmalik, wadda wasu masu bincike na zamani ke ganin daga baya aka rubuta ta aka jingina masa. Ko ma dai yaya ne, kowane ɓangare ya so a ce Hasan nasa ne. Kuskure ne kuma a ɗauka cewa mai aƙidar tilas kullum ɗan fada ne. Jahamu ɗan Safwan, wanda ya ce bawa ba shi da aiki sai a baki kawai, kamar yadda ake cewa rana ta fito ko ruwa ya gudana, shi ma a cikin tawaye aka kashe shi, a Khurasan a 746.

Daga zauren Hasan aka ce Wasil ɗan Aɗa'u (ya rasu 748) ya ware, shi da Amru ɗan Ubaidu, suka kafa abin da ya zama mazhabar Mu'utazilawa. Su suna kiran kansu ma'abota adalci da tauhidi. Sun yarda Allah ya san komai tun azal, amma suka ce bawa shi ke samar da aikinsa da ikon da Allah ya ba shi tun kafin aikin. Allah ba ya nufin mummuna, ba ya halittar kafirci sannan ya azabtar a kansa, ba ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Nufinsa da umarninsa da soyayyarsa duk tafiyarsu ɗaya. Da yawansu suka ƙara da cewa wajibi ne ga Allah ya yi wa bawa abin da ya fi masa amfani a addini. Wannan gini ne mai tsari, kuma bai kamata a raina abin da masu shi suke karewa ba. Amma yana da tsada: ya nuna cewa a cikin mulkin Allah ana yin abin da bai nufa ba, kuma yawancin abin da mutane ke aikatawa ya saɓa wa nufinsa. Talakan Musulmi da ke cewa abin da Allah ya so shi ke kasancewa bai iya haɗiye wannan ba. Fitinar Mihna da Halifa Ma'amun ya fara a 833, ko da yake a kan halittar Alƙur'ani aka yi ta, ta ƙara ɓata sunan Mu'utazilawa a idon jama'a, musamman bayan ɗauri da bulalar da aka yi wa Ahmad ɗan Hambali.

Wanda ya juya akalar muhawarar ɗan Basra ne, kuma ɗan gidan Mu'utazilawa. Abul Hasan al-Ash'ari, daga zuriyar sahabi Abu Musa wanda ya taɓa yin gwamnan garin, an haife shi wajen 874, ya yi karatu shekaru masu yawa wurin Abu Ali al-Jubba'i, shugaban Mu'utazilawan Basra. Yana da kimanin shekara 40 ya hau mumbarin masallacin Juma'a ya bayyana ficewarsa. Littattafan baya sun kawo labarin tambayar da ya yi wa malaminsa a kan 'yan'uwa uku: ɗaya ya mutu salihi, ɗaya ya mutu kafiri, ɗaya ya mutu yana yaro. Jubba'i ya ce na farko yana cikin manyan darajoji, na biyu yana wuta, yaron kuwa ya tsira amma bai kai darajar yayansa ba. Ash'ari ya ce, in yaron ya nemi sanin abin da ya sa ba a bar shi ya girma ya yi ibada ba fa? Malam ya ce za a amsa masa da cewa Allah ya san in ya girma zai saɓa, don haka mutuwarsa da wuri ita ce maslaharsa. Ash'ari ya ce, to in na cikin wuta ya yi kira ya ce, ni ma ai an san makomata, me ya sa ba a ɗauke ni ina yaro ba? Aka ce Jubba'i ya rasa amsa.

Ko an yi zaman kamar yadda aka ruwaito ko an gyara shi a hannun marubuta, labarin ya taɓa ainihin wurin ciwon. Ya nuna cewa ba wa bawa 'yancin aiki bai kawar da matsalar ba muddin an yarda Allah ya sani, domin wanda ya san makomar bawa kuma ya halicce shi, ya raya shi har ya kai ga ita, tambayar tana nan. Ash'ari bai ce ya gano hikimar da Jubba'i ya rasa ba. Abin da ya ce shi ne babu wajibi a kan Allah, kuma ba a auna adalcinsa da mudun bayi, tunda zalunci shi ne taɓa abin da ba naka ba, komai kuwa nasa ne. Game da aiki sai ya ɗauki ra'ayin kasabu, wanda Dirar ɗan Amru ya riga shi amfani da shi: Allah ke halittar aikin, bawa kuma yana tsiwurwurinsa da wani iko da ake halitta masa tare da aikin. Hujjarsa ta kusa ita ce kowa yana jin bambanci a jikinsa tsakanin ɗaga hannu da gangan da karkarwar zazzaɓi. Masu suka sun ce wannan tilas ce aka yi mata lulluɓi, har Larabawa suka riƙa buga misali da kasabun Ash'ari a kan duk abin da ya yi siririn da ba a iya kamawa. Sukar tana da ƙarfi, manyan mabiyansa ma sun ji ta. Imamul Haramaini al-Juwaini (ya rasu 1085) ya karkata a ƙarshen rayuwarsa ga ba wa ikon bawa tasiri na haƙiƙa. A Samarƙandi kuma Abu Mansur al-Maturidi (ya rasu 944) ya fi jaddada zaɓin bawa, tare da riƙe cewa Allah ne mahaliccin aiki.

Tambaya ta biyu, ta ko Allah yana nufin abin da ba ya so, ita ta fi shafar mai zunubi. Ahlus Sunna suka rarrabe tsakanin nufi da yarda: saɓo yana aukuwa da nufin Allah, amma bai yi umarni da shi ba, bai yarda da shi ba, ba ya kuma son sa. Ibn Taimiyya (ya rasu 1328) ya tsara wannan da kashi biyu, nufi na halitta wanda ba makawa sai ya auku, da nufi na shari'a wanda shi ne abin da Allah yake so ko da bawa bai aikata ba. Almajirinsa Ibnul Ƙayyim ya rubuta Shifa'ul Alil a kan batun, yana ƙoƙarin nuna cewa a bayan abin da Allah ya ƙaddara akwai hikima, har a cikin faɗuwar bawa, tunda da ita ake samun tuba da gafara. A nan ne hadisin jayayyar Annabi Adamu da Annabi Musa ya zama abin tattaunawa mai yawa. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ko a kan laifin da aka riga aka tuba daga gare shi, amma ba a kan laifin da mutum ke ciki ba.

Masu zuhudu na Basra sun shiga batun ta wata ƙofar. Ga Hasan da almajiransa, sanin cewa Allah ya riga ya san ƙarshen kowa abin kuka ne, don ba wanda ya san yadda zai cika. Rabi'atul Adawiyya, wadda ta rasu a garin wajen 801, an san ta da bautar da aka gina a kan ƙauna maimakon tsoron wuta ko kwaɗayin aljanna. Sufayen baya suka haɗa waɗannan biyu: in Allah ya san kasawar bawa tun kafin ya halicce shi, kuma duk da haka ya buɗe masa ƙofar tuba, to kasawar ba ta zo wa Allah a ba-zata ba, ba ta kuma isa ta zama dalilin yanke ƙauna ba. Ibn Aɗa'illah na Iskandariyya (ya rasu 1309) ya tafi har ga fifita zunubin da ya haifar da ƙanƙan da kai a kan ɗa'ar da ta haifar da girman kai, ra'ayin da masu sharhin littafinsa Hikam suka yi ta taka-tsantsan wajen fassara shi don kada a ɗauke shi lasisin saɓo.

Basra kanta ta dusashe. 'Yan tawayen Zanj sun ƙone ta a 871, Ƙaramiɗa suka sake wawashe ta a 923, malamai suka yi ta komawa Bagadaza, inda Ash'ari ya rasu wajen 936. Tsohon birnin yana kusa da garin Zubair na yau, inda kabarin Hasan yake. Sakamakon muhawarar kuwa ya bi hanyar Maghrib ya tsallako Sahara tare da mazhabar Malikiyya. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan (ya rasu 996), wadda ɗalibi ke karantawa a zaure bayan Ahalari da Iziyya, ta buɗe da aƙida mai tabbatar da ƙaddara da rigayen ilmin Allah. Ummul Barahin ta Sanusi na Tilimsan (ya rasu 1490) ta zama ginshiƙin karatun tauhidi a Bilad Sudan, har Fulani suka gina karatun kabbe a kanta, Muhammadu al-Wali na Bagirmi kuma ya mayar da sharhinta na Fulatanci zuwa Larabci a ƙarni na 17. Lokacin da wasu ɗaliban wannan fanni suka fara kafirta talakawan da ba su iya jero hujjojin kalam ba, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817) ya yi rubuce-rubuce da dama yana mayar musu da martani, yana tabbatar da cewa imanin gama-garin Musulmi ingantacce ne ko da bai san hanyoyin malaman kalam ba.