Harajin 2026: Wace doka za ka bi idan takardun jiha sun saɓa da na tarayya?

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu. Sabon tsarin harajin kuɗin shiga ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa a Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango na iya tarar da cewa dokar ta sauya, amma fom ko lissafin albashin da ke gabansa na tsohon tsari ne.

Tushen matsalar yana cikin rabon aiki. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bai wa Majalisar Tarayya ikon yin dokar harajin kuɗin shiga, amma jihar da mutum yake zaune ce ke karɓa. Mazaunin Daura, ko da a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya yake aiki, Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Katsina yake biya. Sojoji da 'yan sanda ba sa cikin wannan rukuni. Kowace jiha tana da fom da tsarin lissafinta, kuma gyara su na ɗaukar lokaci. Sashe na 4(5) na kundin ya yanke hukunci: duk inda dokar jiha ta saɓa da ta tarayya, ta tarayya ce a sama.

A sabon tsari, naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100, har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. An soke tsohon rangwamen bai-ɗaya, an kawo na kuɗin haya: kashi 20 na hayar shekara, kada ya wuce naira 500,000. Misali, wanda kuɗinsa ya tsaya a naira miliyan 1.2 bayan cire fansho da sauran rangwame, harajinsa naira 60,000 ne a shekara, wato 5,000 a wata.

Shekarar da aka samu kuɗin ce ke nuna dokar da za a bi. Kuɗin 2025 na ƙarƙashin tsohuwar doka, na 2026 kuma sabuwa. Masu ɗaukar ma'aikata na miƙa bayanansu na shekara zuwa 31 ga Janairu, ɗaiɗaikun mutane kuwa zuwa 31 ga Maris. Jinkirin gyara fom ba ya ɗage wa'adin.

Saboda haka ka adana takardar albashi da rasidin haya, ka yi lissafinka da kanka, ka miƙa a kan lokaci. Idan an ƙiyasta maka fiye da kima, ka rubuta ƙorafi cikin kwana 30. Idan ba a daidaita ba, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji.

Haraji ba baƙon zance ba ne a ƙasar Daura. A 1979, lokacin tana cikin Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali. A yau kariyar mai biya ita ce sanin adadin da doka ta ɗora masa da kuma rasidin da ke hannunsa.