Dara: Tarihin Wasan da Matsayinsa a Kudancin Kano

Dara wasa ne na basira wanda mutum biyu kan yi a zaune, suna fuskantar juna, da gurabu da aka tona a ƙasa ko aka sassaƙa a jikin katako, kuma tana cikin daɗaɗɗun wasannin da Hausawa suka gada kaka da kakanni. A garuruwan da ke kewaye da Kwanar Ɗangora, wato ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, wasa ne na rani, lokacin da manomi ya kai amfanin gonarsa rumbu ya sami sararin zama da 'yan'uwansa.

Iri-irinta da ƙa'idojinta

Abu biyu ne Hausawa ke kira da wannan suna. Na farko, wanda galibi magidanta ke yi, yana da gurbi 30, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa kuma da 'ya'ya 12; wani ya riƙi tsakuwa, abokinsa ya riƙi guntayen kara ko ƙwallon dabino, don kada kaya su cakuɗe. Da fari sai su yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda kowa ya jera uku ba tukuna, har 'ya'yan hannu su ƙare. Sa'an nan a shiga tafiya, kowa ya gusa ɗansa gurbi guda, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa, wanda kuwa aka rage masa 'ya'ya har ba ya iya jera uku, an cinye shi.

Gwaninta tana bayyana tun wurin dasawa, domin gwani ba ya ajiye ɗa sai ya hango inda zai motsa shi daga baya, kuma babban burinsa shi ne ya kafa abin da ake kira doki, wato ya tsara 'ya'yansa yadda ɗa guda, in ya matsa nan ya cika uku, in ya koma can ya cika wata ukun, ya yi ta ci ke nan a kowane motsi alhali abokinsa na kallo ba shi da dabarar tarewa.

Na biyu shi ne mai gurbi 12, shida a kowane ɓangare, da tsakuwa huɗu a kowane gurbi, jimla 48, inda ake kwashe na gurbi guda a bi sauran ana zuba ɗaya-ɗaya. Wannan ya fi yawa a hannun mata da yara a tsakar gida.

Yaɗuwarta

Dara ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Dakarkari na ƙasar Zuru sun shahara da ita, Zabarmawa na Nijar suna kiranta dili, a Mali ana yin irinta da sunan wali; mai gurbi 12 kuwa 'yar'uwar ayo ce ta Yarabawa da oware ta Asante. Wanda ya dubi waɗannan ƙasashe zai ga su ne dai waɗanda fataucin goro da kanwa da tufafi ya haɗa tun ƙarnoni, kuma wasan da ba ya bukatar kome sai ƙasa da tsakuwa ba shi da wahalar bin ayari daga zango zuwa zango. Bebeji ma tana cikin wannan harka ta fatauci, tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar Kano zuwa Zazzau, wanda wani Bature mai suna Clapperton ya ratsa a 1826, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa masu fataucin Gwanja. Turawa sun rubuta ƙa'idojin dara daga baya, cikinsu har da R. C. Bell a littafinsa na wasannin al'ummai na 1960.

Matsayinta wurin malamai

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da magana a kan wasannin zaune. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wadda ɗaliban ilmi a ƙasar Hausa ke karantawa a zaure, ya hana wasan nardu da shaɗaranji, ya kuma karhanta zama wurin masu yinsu, ko da yake bai ga laifi a yi musu sallama ba. Da wannan ma'auni malamanmu suka riƙa auna dara, suna duban illoli uku: sa kuɗi, wanda ke mai da wasa caca, haramun ba tare da saɓani ba, shagala har lokacin salla ya fita, da rantse-rantse da zage-zage a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ladabin mazauna dara na kirki shi ne, da an kira salla a tashi, a bar 'ya'ya a gurabunsu sai an dawo.

Majalisar dara

Ko da yake mutum biyu ne ke wasa, dara ba ta cika sai da 'yan kallo, waɗanda kan kewaye gurabun a gindin darbejiya ko ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, wannan na gyaran murya don ya ankarar da nasa, wancan na cewa, "Haba Malam, ai ka ba da gida!" A nan ake jin farashin masara da rake, da wanda zai aurar da 'ya, da wanda ba shi da lafiya a je a gaishe shi, a nan kuma talaka ke cinye mai hali a yi dariya a tashi lafiya, abin da ba ya yiwuwa a wani zama. Har cikin magana wasan ya shiga, domin idan makircin mutum ya komo kan nasa, sai a ce dara ta ci gida.

Sauyin zamani

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantuna suka kawo baƙin wasanni: karta, da daraf mai 'ya'ya ashirin-ashirin, da lido, wanda aka yi wa rajista a Ingila a 1896 bayan an samo shi daga wasan pachisi na Indiya. Waɗannan suka fi kama tasha da bakin titi, irin Kwanar Ɗangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa da dajin Falgore ta rabu da ta Zariya, direbobi da 'yan kamasho na jiran lodi. Amma abin da ya fi rage dara shi ne ƙarancin lokaci, gama tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa, watannin hutu suka zama na aiki; daga baya gidajen kallon ƙwallo da wayar hannu suka ɗauke samari. A yau galibin masu yinta dattawa ne, kuma ɗorewarta ta rataya ne ga ko yaran da ke tsaye a bayansu za su zauna su koyi dasawa.